Darasin Daidaita Aiki da Rayuwa a Ajin Ingilishi: Tsokaci Daga Unguwar Alsahafa

1.0 Gabatarwa

Alsahafa unguwa ce a kudancin birnin Hartum, kusa da babbar kasuwar kayan gwari da tashar manyan motocin da ke zuwa jihohi. Ba ta da nisa da Jami'ar Afirka ta Duniya, wadda ta faro a matsayin cibiyar Musulunci ta Afirka, ta zama jami'a a 1992, kuma ɗaliban ƙasar Hausa da yawa suka yi karatu a cikinta. Kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, ana iya samun Bakano da Bamaraɗe da Bahaushen Mai Wurno a aji ɗaya a wannan yanki, ana koya masu Ingilishi, malami yana yin bayani da Larabci, su kuma suna raɗa wa juna ma'ana da Hausa. Wannan takarda za ta dubi darasi guda da ya zama ruwan dare a littattafan Ingilishi da ake bugawa a Ingila da Amurka domin ɗaliban manyan makarantu, wato darasin "work-life balance", wanda za a kira shi a nan daidaita aiki da rayuwa. Abin da ake son nunawa shi ne, darasin yana koyar da kalmomi yadda ya kamata, amma yana kasawa wajen koyar da karatu, domin ya ɗauka cewa mai karatu ya riga ya yarda da wani rabon lokaci da ba nasa ba.

2.0 Matsayin Ingilishi a Sudan

Ingilishi ne harshen koyarwa a sakandaren Sudan har zuwa tsakiyar shekarun 1960, lokacin da aka koma Larabci. Jami'o'i sun ci gaba da Ingilishi har 1990, sannan gwamnati ta umarce su da su ma su koma Larabci. Daga nan Ingilishi ya zama darasin dole da ɗalibi ke ɗauka a shekarunsa na farko, ko da likitanci yake karantawa ko shari'a. A makarantun ƙasa kuwa an yi ta sauya littattafai: NILE, sai SPINE a shekarun 1990, sai SMILE daga baya. Sakamakon haka ɗalibi yakan shigo jami'a da nahawu a ka, amma taskar kalmominsa ba ta kai ta ɗauki dogon rubutu ba.

Masana sun auna wannan matsala. Binciken Hu da Nation na 2000 ya nuna cewa mai karatu yana buƙatar ya san kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba, wato baƙuwar kalma ɗaya cikin 50. Idan saninsa ya tsaya a kashi 95, rubutu mai kalmomi 600 zai zo masa da baƙin kalmomi 30. Wanda ya tsaya sau 30 yana buɗa ƙamus a shafi biyu ba karatu yake yi ba, tsintar tsaba yake yi.

3.0 Inda Darasin Ya Yi Kyau

Tsarin darasin kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Ana farawa da hoton ma'aikaci a gaban kwamfuta da dare, sai 'yan tambayoyin share fage, sai jerin kalmomi, sai rubutu a kan wani da aiki ya cinye masa lokacin iyali, sai cike gurbi. Ta fuskar zaɓen kalmomi babu abin zargi. Kalmomi irin su "flexible" da "schedule" da "priority" da "stress" duk suna cikin jerin kalmomin ilimi 570 da Averil Coxhead ta fitar a 2000, kuma ɗalibi zai sake haɗuwa da su a littafin tattalin arziki ko na kiwon lafiya. Ana kuma maimaita su a rubutu da tambayoyi da sauraro, wanda shi ne abin da ke sa kalma ta zauna. Haka nan batun ba na wasa ba ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙonewar ƙarfi saboda aiki cikin kundinta na rabe-raben cututtuka, a matsayin lamarin da ya shafi wurin aiki. Malamar makaranta a Umdurman da ke tsallako gada da asuba, ta koma gida ta ɗora tukunya, ta fi marubucin littafin sanin wannan gajiya.

4.0 Inda Gizo Ke Saƙar

Matsalar tana cikin sunan darasin kansa. Ya ɗora aiki a tafi ɗaya na sikeli, rayuwa a ɗaya tafin, kamar dai aiki ba ya cikin rayuwa. Wannan rabo yana da tarihi. Ya fito ne daga masana'antun Turai, inda leburori suka yi gwagwarmayar a rage masu awannin aiki, har Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da awa 8 a rana da awa 48 a mako a yarjejeniyarta ta farko a 1919. A irin wannan tsari agogo ne ke yanka rana: akwai lokacin da ma'aikaci ya sayar wa mai kamfani, akwai ragowar da ke nasa. Ragowar nan ita ce "life" a wannan furuci. Littafin ba ya faɗa wa ɗalibi haka. Yana barinsa da ma'anar ƙamus.

Idan ɗalibi Bahaushe ya mayar da furucin zuwa harshensa, sai sikelin ya karkace. Kalmar aiki a Hausa ta fi "work" faɗi nesa ba kusa ba. Akwai aikin gwamnati da aikin gona, amma akwai aikin Hajji da aikin alheri da aikin gayya, kuma Bahaushe yana cewa mutum zai tarar da aikinsa a lahira. Rayuwa kuwa ta haɗiye duk waɗannan. Saboda haka "aiki da rayuwa" a kunnen Bahaushe kamar a ce "tuwo da abinci" ne. Larabci ma bai fitar da shi ba, don "amal" tana ɗauke da ma'anar sana'a da ta ibada a lokaci guda, kamar takwararta ta Hausa. Ɗalibin zai iya cike kowane gurbi daidai, ya ci jarrabawa, alhali bai gane abin da ya sa mutumin cikin labarin ke kuka ba.

Kalmar "leisure" ta fi ba da wahala. Malami zai ce hutu, ko shaƙatawa. To amma a rubutun ana nufin lokacin da mutum ya keɓe wa kansa, ya yi iyo ko ya karanta labari ko ya yi yawon buɗe ido. A Alsahafa, kamar a Kano ko Maraɗi, lokacin da ya rage bayan an tashi daga aiki yana da masu shi tun kafin ya zo: gaisuwar mutuwa, dubiya a asibiti, ɗaurin aure, suna, rakiyar baƙo tasha. Mutanen Sudan suna kiran irin wannan "wajib", wato abin da ya wajaba, Hausawa kuma suna cewa zumunci a ƙafa yake. Zaman makoki na kwana uku ba aikin albashi ba ne, ba kuma shaƙatawa ba ne. Sikelin littafin ba shi da tafi na uku da za a ɗora shi. Mafi muni, idan rubutun ya shawarci mai karatu ya koyi cewa a'a domin ya kare lokacinsa, ɗalibi yakan fahimci cewa ana koya masa yanke zumunci ne, sai ya rufe zuciyarsa ga sauran shafin.

Sannan akwai tambayar wane ne ma'aikacin. John Gray, a littafinsa na 2010 a kan littattafan koyar da Ingilishi da ake sayarwa a duniya, ya nuna yadda suke cika shafukansu da masu hannu da shuni da masu sana'ar ofis, suna kauce wa batutuwan da za su hana ciniki. Darasin nan misali ne. Mutumin cikinsa yana da ofis, da albashi, da shugaban da ke aiko masa saƙo da dare, kuma akan kawo dokar Faransa da ta fara aiki a 2017, wadda ta ba ma'aikaci damar kashe wayar aiki bayan tashi. Amma mafi yawan masu neman abinci a kewayen kasuwar Alsahafa ba su da lokacin tashi. Direban rakša, wato keke mai ƙafa uku, yana tashi ne idan ya haɗa kuɗin mai keke da na cefane. Mai agashe, naman da Hausawa suka shahara da shi a Sudan, kasuwarsa tana buɗewa ne daidai lokacin da littafin ke cewa a koma ga iyali. Mai sayar da shayi a gindin bishiya tana aiki da goyo a kusa da ita, ba a san inda aiki ya ƙare reno ya fara ba. Iyayen ɗalibai da yawa irin waɗannan ne, kuma da kuɗinsu aka sayi littafin.

Ba ana cewa kada ɗalibi ya karanta rayuwar wasu ba ne. Amfanin koyon harshe ke nan. Abin zargi shi ne a gabatar da al'adar wuri ɗaya kamar ita ce halin ɗan Adam, a kuma gina tambayoyin fahimta a kanta. Tambayar da ke cewa ɗalibi ya bayyana yadda yake raba lokacinsa tsakanin aiki da abin da yake sha'awa tana auna kusancinsa da rayuwar marubucin ne, ba ƙwarewarsa a karatu ba.

5.0 Rubutun da Ke Kusa da Hannu

Abin mamaki, Sudan tana da rubutun da ya fi dacewa da wannan darasi, kuma akwai shi da Ingilishi: Dokar Ƙwadago ta 1997. Ta ƙayyade awa 48 a mako, daidai da yarjejeniyar 1919, amma ta rage awa ɗaya a rana ga mai azumi a watan Ramadan, da kuma mai shayarwa har shekara biyu. Ta ba matar da mijinta ya rasu izinin barin aiki da albashinta domin takaba, ta kuma ba ma'aikaci kwana 15 domin Hajji sau ɗaya a tsawon aikinsa. Kusan duk kalmomin da darasin ke son koyarwa suna cikin waɗannan sassa, ga kuma nahawun wajibci da izini da ɗalibin shari'a ko gudanarwa zai buƙata.

Ga ɗalibin harshe kuwa, ribar ta fi haka. Ingilishi yana kiran duk waɗannan "leave". Hausa takan ce hutu. To, takaba hutu ce? Wanda ya bar aiki ya tafi aikin Hajji, hutu ya tafi ko wani aikin? Muhawarar minti goma a kan wannan za ta koya wa ɗalibi cewa "leave" izini ne na rashin zuwa, ba sauke gajiya ba, kuma ba zai ƙara rikita ta da "rest" ko "holiday" ba. Haka za a iya yi da "nafir" na Sudan da gayya ta Hausa, ko "sanduƙ" da adashi, a nemi ɗalibai su bayyana su da Ingilishi ga wanda bai san su ba. Wannan ya fi cike gurbi wuya, domin babu kalma ɗaya da za a ɗauko, dole a gina jimla. Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum ya nuna a littafinsa na 1999 yadda Hausar Sudan ta yi ta sajewa da Larabci. Ɗalibin da ya tashi yana auna kalma tsakanin harsuna biyu ya riga ya iya rabin wannan aiki, sai dai littafin bai taɓa neman ya yi amfani da iyawarsa ba.

Akwai ma tarihin agogo. A 2000 gwamnatin Sudan ta tura agogon ƙasa gaba da awa ɗaya domin a riƙa fita aiki da wuri, yara suka riƙa tafiya makaranta da duhu, har aka mayar da shi a Nuwamba 2017. A 2008 kuma aka ƙara Asabar a kan Juma'a a matsayin ranar hutun ma'aikatan gwamnati. Ɗalibin da ya karanta waɗannan da farko, idan ya zo kan dokar Faransa zai gan ta a matsayin amsar wata ƙasa ga tambayar da tasa ƙasar ma ta yi fama da ita, ya kuma sami abin kwatantawa.

Za a iya cewa malamin da ke da aji mai cunkoso da albashin da bai kai ƙarshen wata ba, ba shi da sukunin rubuta darasi sabo. Gaskiya ne, kuma shi ya sa littafin waje ke da farin jini: ya zo da amsoshinsa da faifan sauraronsa. Amma abin da ake nema bai wuce shafi ɗaya da za a gabatar kafin a buɗe littafin ba.

Yaƙin 2023 ya ƙara fito da wannan giɓi. Kudancin Hartum na cikin wuraren da aka fara jin harbi, kuma daga harabar Jami'ar Afirka ta Duniya ne motoci suka kwashi ɗaliban Nijeriya zuwa iyakar Masar a ƙarshen Afrilu na wannan shekara. Jami'o'i da dama sun koma koyarwa ta intanet ko daga wasu garuruwa, sojoji kuma ba su karɓe birnin ba sai a Maris 2025. A tsakanin nan matasan unguwanni ne suka riƙe ɗakunan agajin gaggawa da tukwanen ciyar da jama'a da ake kira "takaya", dare da rana, ba albashi. Ɗalibin da ya yi shekara biyu yana wannan hidima, idan ya dawo aji aka ba shi jadawalin darasin mai gida biyu ya cike, zai tambayi malami a wane gida zai rubuta ta.