Madubin hangen nesa: kada lamba ta ruɗi ɗan farauta

Da zarar kaka ta yi, ciyawa ta bushe, 'yan farautar unguwarmu ta Mando sukan shiga shiri: a wasa adda, a gyara gora, a ƙara wa karnuka tuwo. A 'yan shekarun nan wani abu ya ƙaru cikin kayan samari, wato madubin hangen nesa mai ido ɗaya, irin wanda ake tallatawa a TikTok da Facebook. Ni dai ina maraba da shi. Abin da ke damuna shi ne yadda yaranmu ke zuba kuɗin guminsu a kan irin da ba zai amfane su ba.

Ɗan yayata ya sayi ɗaya a wani shagon intanet, ya kawo mini yana murna. "Kawu, duba, sau 80 yake jawo abu!" A jikinsa an rubuta 80x100. Na ce ya ɗauko rula. Lambar farko tana nufin yawan jawowa, ta biyu kuwa faɗin gilashin gaba ne a milimita. Ke nan ya kamata bakinsa ya kai santimita 10. Muka auna, ko 5 bai cika ba. Wanda ya yi maka ƙarya a abin da rula za ta tona, me zai hana shi a abin da ba ka iya aunawa?

A ce ma lambar gaskiya ce, ba ita mafaraucin dajinmu ke bukata ba. Madubin da ke jawowa sau 20 zuwa 60 an yi shi ne don masu zama a kan tsauni su hangi dabba a kwarin da ke nesa, kamar a yammacin Amurka, kuma dole a ɗora shi a kan sanda mai ƙafa uku. Hannun mutum ba ya riƙe abin da ya wuce sau 10 ko 12 ba tare da hoton ya yi ta rawa ba. Mu kuwa farautarmu ta ƙafa ce, cikin saura da kurmin bakin rafi, ana bin zomo da gada da zabo da fakara. Kafin ka kafa sandar, gadar ta tsallake. Ga hazon hunturu, ga kawalwalniyar tsakar rana. Madubi mai ƙarfi ƙurar da tururin zafin yake ƙara maka girmansu, ba naman ba.

Akwai lissafin da nake so kowane mai saye ya riƙe, domin shi ne sirrin abin. Raba lamba ta biyu da ta farko. Abin da ya fito shi ne faɗin hasken da ke isa ƙwayar idonka. Madubi 8x42 yana ba da milimita 5 da 'yan kai, daidai da yadda ƙwayar ido ke buɗewa da asuba ko almuru, lokacin da namun daji ke fitowa. Mai gilashi 60 da aka murɗa zuwa sau 60 milimita 1 kacal zai ba ka, dishi-dishi kamar kana leƙe ta kafar allura. Shi ya sa na fi son mai ido biyu, 8x42 ko 10x42, a rataye a wuya.

Kuɗi fa? Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kayan waje sun yi tashin gwauron zabo. Ban ce kowa ya nemi masu tsada irin na Swarovski ko Zeiss ba. Kamfanoni irin su Nikon da Bushnell da Celestron suna da ƙananan samfura masu sauƙi, kuma na hannu mai lafiya ya fi sabo na bogi. A gwada kafin a biya. Riƙe shi nesa da fuska ka dubi ɗigon hasken da ke bakin ido: in zagayayye ne tas, madalla. Fita da shi waje da yamma ka karanta allon wani shago daga nesa. In abu ɗaya ya zame maka biyu, ajiye shi, ciwon kai zai sa maka. Wanda aka ce yana gani cikin dare alhali ba batir a jikinsa, zance ne kawai. Kuma a ja wa yara kunne kada su kalli rana da shi, yana iya lalata ido nan take.

Babban dalilin da ya sa na damu bai tsaya ga nama ba. Dajin da ke yamma da mu, hanyar Buruku zuwa Birnin Gwari, ba irin na zamanin iyayenmu ba ne. Nan Afaka aka kwashe ɗalibai 39 na kwalejin gandun daji a watan Maris na 2021. Yau mafarauci yana bukatar sanin ko motsin da ya hanga barewa ce, ko makiyayi, ko mace mai itace, ko waɗanda gara ya juya kafin su gan shi. Madubi mai haske yana hana harbin kuskure, yana nuna maka dabba mai ciki ko mai shayarwa ka ƙyale ta. Mai duhu kuwa zato kawai yake ƙara maka.

Sannan a san inda ake fito da shi. Mando na maƙwabtaka da sansanin sojan sama da makarantar hafsoshi ta NDA. Wanda aka gani yana hange a nan sai ya yi dogon bayani. Gandun dajin Kamuku kuma doka ta hana farauta a cikinsa.

Ina roƙon sarakunan dawa da shugabannin ƙungiyoyin mafarauta, a haɗa kuɗi a sayi nagari guda biyu ko uku, a damƙa wa masu jan gaba, maimakon kowane yaro ya rataya na bogi.