Tsada Ba Ta Cin Ƙwallo

Ƴan uwa ɗalibai, duk shekara in an gama jarrabawa, an rufe lakkol, damina ta sauka, sai wata kasuwa ta buɗe a bakinmu. Ƙungiyoyin tamola na Turai sun tafi hutu, sun shiga saye da sayar da ƴan wasa, abin da muke kira merkato. Daga watan Yuni zuwa tsakiyar Agusta gasanninsu a tsaye suke, don haka baki ke karɓar aikin ƙafa. Ka ratsa kowace fada, ko a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, shayi na tafasa, gardama ta fi shi zafi. Wani na cewa, "Wallahi in wanga yaro ya zo, an gama, kofi namu ne." Wani na amsa mishi, "Kai tafi can, mi ya taɓa ci? Miliyan nawa aka saye shi?"

Ni ma ɗan wannan hira ne, kuma ina son ta. Abin da nake suka shi ne sikelin da muke auna ƴan wasa da shi. Na saurare mu sosai, na ga duwatsun awonmu uku ne: kuɗin da aka sayi mutum, guntun bidiyon da muka gani a salula, da rigar da za ya sa. Dukkansu ukun suna cutar mu a awo.

Mu fara da kuɗi, tunda shi ne babban dutsen. A 2017 PSG ta biya Yuro miliyan 222 ta ɗauke Neymar daga Barcelona. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ke nan sama da miliyar 145 na kuɗinmu a kan mutum guda. Tun daga ranar duniya duka ta san aljihun Barcelona cike yake, kuma ta san tana cikin gaggawa. Kowa a cikinmu ya san abin da ke samun mutumin da ya shiga kasuwar tumaki ranar jajibirin layya, kuɗi na leƙowa daga aljihunsa, yara na jiran rago a gida. Dillalai ba su tausaya mishi. Dortmund ta sayar mata da Dembélé a kan miliyan 105 ban da ƙarin da za ya biyo baya. Liverpool ta sayar mata da Coutinho a Janairun 2018 a kan abin da ya fi haka. A 2019 ta ƙara da Griezmann, miliyan 120. To mi ya fito? A Agustan 2020 Bayern ta lallasa Barcelona 8 da 2, kuma biyu daga cikin ƙwallayen nan takwas Coutinho ne ya ci su, don a lokacin Barcelona ta ba da shi aro ga Bayern ɗin. Ita kuwa Liverpool, a shekarar da ta rabu da Coutinho ta ɗauko Van Dijk a baya da Alisson a raga, wuraren da take yoyo. Ta ci kofin zakarun Turai a 2019, ta ci gasar Ingila a 2020.

Farashin ɗan wasa abubuwa da yawa ke haɗa shi, iya wasa ɗaya ne kawai a cikinsu. Akwai shekarunsa, don yaro ɗan 20 ana iya sake sayar da shi, ɗan 31 kuwa sai dai a ci moriyarsa. Akwai nauyin aljihun mai saye. Akwai kwanakin da suka rage kafin a rufe kasuwa. Babba a cikinsu shi ne shekarun da suka rage a kwantiraginsa. Tun hukuncin Bosman na 1995, wanda wani ɗan wasan Beljiyam ya samo a kotun Turai, duk wanda kwantiraginsa ya ƙare yana iya tafiya inda ya ga dama ba tare da an biya tsohuwar ƙungiyarsa ko dala ba. Ta haka Mbappé ya koma Real Madrid a 2024, PSG ba ta karɓi kuɗin saye ba. In da kuɗin saye ne ma'aunin gwaninta, sai mu ce Mbappé bai kai ɗan benci ba. Wa za ya faɗi haka a fada ya tashi lafiya?

Muna yawan kafa hujja da cewa araha ba ta ado. A kasuwar atamfa ƙila haka ne. A tamola ga Kanté, wanda Leicester ta ɗauko daga Caen a 2015 da kuɗin da bai kai Yuro miliyan 10 ba. Ga Mahrez da ta ɗauko daga Le Havre, ƙungiyar rukuni na biyu a Faransa, da abin da bai kai miliyan ɗaya ba. Da su ta ci gasar Ingila a 2016. Kanté ya koma Chelsea ya sake cin gasar a 2017, ya ɗaga kofin duniya a 2018. A ɗaya gefen ga Hazard, gwanin da babu mai musun gwanintarsa. Real ta saye shi kusan miliyan 100 a 2019, rauni ya hana shi sakat, ya yi shekara huɗu ya ci ƙwallo 7.

Dutse na biyu shi ne bidiyon minti uku. An yanko yanka, an yanko ƙwallayen da ya ci daga nesa, an ɗora kiɗa, an watsa a WhatsApp da TikTok. Mu kalla sau biyu, shi ke nan mun zama masana. Amma wasa minti 90 ne, kuma mintocin da ƙwallo ke ƙafar mutum ɗaya kaɗan ne ƙwarai. Sauran lokacin mi yake yi? Yana komowa baya in an ƙwace? Yana toshe hanya? Yana buɗa wa ɗan uwansa wuri? Bidiyo ba ya nuna wannan, don wanda ya haɗa shi talla yake yi. Ba a taɓa ganin mai tallar goro ya sa ruɓaɓɓe a saman faranti ba.

Shi ya sa masu aikin da ido ba ya kamawa ba su da kasuwa a bakinmu. A 2003 Real ta sayar da Makélélé ga Chelsea, ta ɗauko Beckham. Makélélé ba ya yanka, da ƙyar yake cin ƙwallo, aikinsa shara ne a tsakiyar fili. Bayan tafiyarsa Real, da Zidane da Ronaldo da Figo da Raúl duk suna nan, ba ta sake cin gasar Sifaniya ba sai 2007. Kwanan baya ma mun gani: Manchester City ta ci gasar Ingila sau huɗu a jere, Rodri ya ji rauni a gwiwa a Satumban 2024, gidan ya rikice. Turmi ba ya ƙyalli, amma in babu shi ba a shan fura.

Har lissafin da muke jifan juna da shi, "ya ci 25, ya ba da 10", yana buƙatar tambaya. Nawa ne na fenariti? A wace gasa? Ƙungiyarsa ita ke danne kowa, ko kuwa ita ake dannewa? Lamba gaskiya ce, sai dai ba ta magana da kanta, kuma mu muna sa mata bakin da muke so.

Akwai abin da duwatsun nan biyu ke ɓoye mana gaba ɗaya, wato wuri. Duk ɗan manomi ya san irin da ke yi a jigawa ba lalle ya yi a fadama ba. Ɗan wasa ma iri ne. Salah ya je Chelsea a 2014 ya sha zaman benci, aka tura shi aro Italiya. Da ya zo Liverpool a 2017 ya ci ƙwallo 32 a gasar Ingila a kakarsa ta fari. De Bruyne ma Chelsea ɗin ta sallame shi zuwa Wolfsburg a 2014, daga baya ya zama ginshiƙin City. Maƙwabcinmu Osimhen bai ci ko ɗaya ba a Wolfsburg. Ya sauka Charleroi, ya hau Lille, ya isa Napoli, ya ci ƙwallo 26 a kakar da suka ɗauki gasar Italiya a 2023. Sai Dembélé ɗin nan da muka shekara shida muna kira kwantai a Barcelona. Ya koma PSG a 2023, mai horarwa Luis Enrique ya matso da shi tsakiyar gaba, a 2025 suka ci Inter 5 da nema a wasan ƙarshe na zakarun Turai, shi kuma ya karɓi Ballon d'Or. Ƙafafunsa na dā ne. Abin da ya sake shi ne lafiyar jiki, da wurin da aka tsayar da shi, da mutanen da ke kewaye da shi.

Kuma ku lura da PSG ɗin kanta. A 2021 ta haɗa Messi da Neymar da Mbappé, muka ce a ba su kofin tun kafin a fara. An fitar da su a zagayen ƴan 16 shekara biyu a jere. Kofin bai zo ba sai da su ukun suka watse.

Dutse na uku shi ne riga, kuma shi ya fi ban kunya. Ranar Litinin an ce yaro za ya zo ƙungiyarmu, sai ya zama sabon Messi. Ranar Alhamis ya sa hannu a wajen abokan hamayya, sai ka ji, "Dama ba mu so shi, gilashi ne, kullum rauni." Baki ɗaya, mako ɗaya, hukunci biyu. Labaran da muke cinyewa ma ba mu tambayar daga ina suka fito. Dillalin ɗan wasa yana cin kaso a kan ciniki. In yana son a ƙara wa yaronsa albashi, ba abin da ya fi mishi sauƙi kamar a ji cewa manyan ƙungiyoyi uku na zawarcinsa. Mu kuma mu ɗauki tallar mu yi ta yaɗawa kyauta, da kuɗin intanet ɗinmu.

Wani za ya ce, "To malam, ai tsada ma tana biya." Gaskiya ne. Real ta sayi Cristiano Ronaldo miliyan 94 a 2009, ya ci mata kimanin ƙwallo 450 da kofin zakarun Turai huɗu. Van Dijk ma da tsada aka saye shi. Amma dubi yadda aka yi: an san ramin da ake son cikewa, aka nemo wanda ya dace da shi. Tsadar ta biyo bayan tunani ne. Mu kuwa tsadar muke sawa a madadin tunanin.

Wani kuma za ya ce hira ce kawai, mi ye na ɗaukar ta da zafi? Da a fada take tsayawa da na yi shiru. Amma akwai ƴan uwanmu da ke ɗaukar wannan "sani" su kai shi shagon cacar wasanni, su zuba kuɗin abinci da na takardu a kan ƙungiya don ta yi sayayya mai tsada. Akwai ƙannenmu da ke buga tamola a fili babu takalmi, suna sauraren mu, suna koyon cewa darajar mutum ita ce lambar da aka liƙa mishi. Irin su ne ɗan damfara ke samu cikin sauƙi, ya ce shi dillali ne, a sayar da gona ko saniya ya kai yaro gwaji Turai. Sannan akwai mu kanmu. Ɗalibin da ya saba yanke hukunci a kan wasan da bai kalla ba, gobe za ya yanke a kan littafin da bai karanta ba, da ɗan takarar da bai saurara ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mun san farashin yaro ɗan 17 a Burazil, amma ba mu san wa ke ci wa Dan Kassawa ko Espoir ko Sahel ƙwallo ba, alhali filin yana cikin garinmu, da ido za mu gani ba da bidiyo ba. Moussa Maazou daga ASFAN ya tashi, ya je Lokeren ta Beljiyam a 2008, CSKA ta Mosko ta saye shi a 2009. Shi ne ya ci ƙwallon da Mena ta doke Masar 1 da nema a Yamai a Oktoban 2010, lokacin da Masar ke riƙe da kofin Afirka karo uku a jere. A rukunin nan, mai Masar da Afirka ta Kudu, Nijar ce ta wuce zuwa gasar 2012, karonta na fari. Da sikelin fada aka bi, da ba sai an buga wasan ba.

Don haka ga shawarata. Kafin ka ce ɗan wasa gwani ne ko kwantai, ka tambayi kanka: wasansa nawa na kalla daga fari har ƙarshe? Wane rami za ya cike a ƙungiyar, wa kuma za ya koma benci saboda shi? Wa za ya amfana in na yarda da labarin nan? In amsar ta fari "ko ɗaya" ce, ba laifi ba ne ka ce, "Sai na gani." Gani ya kori ji.

Kuma ina ƙalubalantar kowace fada: ku sayi kaye ɗaya. Ranar da aka rufe merkato kowa ya rubuta sunan mutum uku da ya ce za su haskaka, da uku da ya ce za su faɗi, ya sa hannu. A ba mai dafa shayi ajiya. In watan Mayu ya zo a buɗe a karanta da ƙarfi. Wanda ya fi kowa kuskure shi za ya sayi sukari har damina ta gaba.