Baƙi ko baki? Ƙorafi a kan haruffan littafinmu

Ƴan uwa, fitowarmu ta baya na tafi da ita gida Waca, na ba ƙanena ɗan lakwal ya karanta wa tsohuwarmu. Yana cikin karatu sai ya ce, "Baki sun cika gida." Tsohuwa ta tuntsure da dariya, ta ce, "Gidan bakinsa nawa?" Baƙi marubucin yake nufi. Ƙugiyar ƙ ce ta ɓace a hanya, kuma laifin na haruffan da muka zaɓa ne.

Da Garamond muka buga. Ban musa ba, harafi ne mai kyau, irin masu ƴan ƙafafu a sama da ƙasa, waɗanda aka saba gani a littattafan Faransa. Sunan Claude Garamond ya ci, wanda ya sassaƙa haruffa a Paris ya rasu a 1561. Amma fa don Faransanci da Latin ya yi aikinsa. Garamond ɗin da ke cikin kwamfutar da muka yi aiki da ita ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Sai kwamfuta ta aro su daga wani zubi, su fito jibga-jibga kamar faci a sabuwar riga. Inda mai bugawa ya gaji kuwa, k kawai ya danna. Shi ke nan ƙafa ta koma kafa, ɓari ya zama bari.

Aibi na biyu, layukansa sirara ne. Mu kuwa fotokofi muke yi, wani lokaci ma kofin kofi. Kafin takarda ta kai hannu na uku, siraran sun narke.

Waɗannan ƙugiyoyi ba ado ba ne. Tun shekarun 1930 ake buga Hausa da su a Zariya, zamanin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939. Mu a Nijar har da ƴ muke rubutawa, inda ƴan Najeriya ke sa 'y. To a ce yau, da kwamfuta a gabanmu, mu ne za mu yar da su?

Wani zai ce a koma Times New Roman. Sababbin zubinsa suna da ƙugiyoyin, gaskiya ne, amma don matsattsun layukan jaridar The Times ta Ingila aka ƙera shi a 1932, kuma shi ma yana da sirara. Ni Charis SIL nake ba da shawara. Kyauta ne, yana da haruffanmu duka, kuma a kan Charter aka gina shi, wanda Matthew Carter ya zana a 1987 don injinan da bugunsu ba ya fita tar.

Kada ku yarda da bakina kawai. Mu buga shafi ɗaya da kowane zubi, mu yi masa fotokofi sau uku a jere, mu ba yaro ya karanta a hasken tocila. Wanda ya karanta bai yi tuntuɓe ba, da shi za mu buga fitowa ta gaba.