Aiki da Ibada: Sharhi a kan Ma'aunin Ɗa'ar Aiki ta Musulunci Bisa Misalin Kaduna

Manufar wannan takarda ita ce ta yi sharhi a kan hanyar da manazarta ke bi wajen auna tasirin ɗa'ar aiki ta Musulunci ga ma'aikata. A 1988 Abbas Ali ya tsara ma'auni na jerin tambayoyi, sa'an nan a 2001 Darwish Yousef ya yi amfani da irinsa a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya nuna cewa mai riƙo da wannan ɗa'a ya fi gamsuwa da aikinsa, ya kuma fi riƙe shi hannu bibiyu. Ba mu musun wannan sakamako. Abin da muke suka shi ne, ma'aunin ya dubi ma'aikaci kaɗai, ya bar wanda ya ɗauke shi aiki.

Kaduna ta ishe mu misali. Ita ce hedkwatar Arewa daga 1917 zuwa 1967, kuma taken gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello shi ne aiki da ibada. Amma fa ba taken kaɗai ne ya sa akawun sakatariya himma ba. Yana ganin ana tura na ƙasa kwas a Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Zariya, ana ba 'yan Arewa muƙamai, kuma ya san fansho na jiransa. Watau wa'azi da sakayya tare suka tafi.

A 1975 gwamnatin Murtala ta sallami ma'aikata fiye da dubu goma a ƙasa baki ɗaya, da yawa ba tare da cikakken bincike ba. Masallatai ba su ragu ba, imani bai gushe ba, amma ma'aikaci ya koyi cewa kujerarsa aro ce, har wasu suka shiga tanadin gobe ta hanyar da ba ta dace ba. Da an ba irin wannan mutum takardar tambayoyi, lalle zai amsa cewa aiki ibada ne, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai amsarsa ba za ta bayyana abin da ke faruwa a teburinsa ba.

Alhali kuwa malamanmu ba su raba haƙƙoƙin biyu ba. A fiƙihun Malikiyya ijara ƙulli ne mai sharuɗɗa a kan kowane ɓangare: aiki sananne, lada sananniya. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito ya yi umurni da gaggauta biyan ɗan ƙwadago. Haka nan Shehu Usmanu, a cikin Kitabul Farƙi, masu iko ya fuskanta da zargi a kan karɓar gaisuwa.

Saboda haka muna ba da shawara cewa duk mai son yin wannan bincike a ma'aikatun Kaduna ya haɗa da tambayoyi a kan lokacin biyan albashi, da adalcin ƙarin girma, da halin 'yan fansho. In ba haka ba, za a mai da addini bulalar kora ma'aikaci, a bar shugaba ba mai tambayarsa. Wallahu a'alamu.