Mai Karatu a Rigar Rabi: Tsokaci kan Alhaki Kuykuyo Ne

A littafinsa Understanding Comics (1993), Scott McCloud ya nuna cewa gwargwadon sauƙin zanen fuskar tauraro, gwargwadon yadda mai karatu ke ganin kansa a cikinta. Ƙagaggen labarin Hausa yakan bi akasin wannan hanya, kuma Alhaki Kuykuyo Ne (1990) na Balaraba Ramat Yakubu ya isa misali.

Marubuciyar ta fayyace Rabi dalla-dalla: 'ya'ya tara, da miji mai ƙauron cefane, Alhaji Abdu, wanda ya auro Delu sannan ya kore ta. Da sayar da abinci ta riƙe 'ya'yanta. Waɗannan bayanai na tukunya da ɗawainiya su ke sa mai karatu ta ce ita ce, ko kuwa mahaifiyarta ce.

Bayan gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, aurensa da Delu ya mutu, dangi suka matsa wa Rabi ta koma ɗakinta. Ana iya ɗaukar wannan ƙarshe a matsayin miƙa wuya ga al'ada. Sai dai duk wanda ya riga ya shiga rigar Rabi, tilasci zai ji a komen nan, ba sulhu ba. Ashe shaƙuwar da aka gina tun farko ita ce makamin sukar, domin marubuciyar ta bar ɗacin a maƙogwaron mai karatu. Saboda haka, manazarcin da ya ɗauki irin wannan shaƙuwa a matsayin raunin karatu ya yar da mabuɗin littafin.