Gunki Ko Kayan Tarihi? Sharhi Kan Kiyaye Duwatsun Da A Arewacin Gana

A shekarar 2006 UNESCO ta sanya da'irorin duwatsun Senegal da Gambiya cikin jerin kayan tarihin duniya. Da'ira 93 ce ta marmara da aka sassaƙa aka kakkafa tsaye a Wassu da Kerbatch da Sine Ngayène da Wanar. Gana kuwa, abin da ta shigar cikin jerin shi ne ganuwoyin Turawa na bakin teku a 1979 da gine-ginen Asante a 1980. Ɗalibin da ya fito daga Garu ko Bawku yana da damar tambaya: ina na arewa?

Mafi kusa da waɗancan duwatsu shi ne tuddan ƙasar Koma, musamman na Yikpabongo, waɗanda aka kewaye da duwatsu. James Anquandah na Jami'ar Legon ya haƙa su a 1985, ya samu mutum-mutumin yumɓu masu yawa, ya kuma ɗauki tuddan a matsayin kusheyi. Binciken da Benjamin Kankpeyeng da Timothy Insoll suka yi daga baya ya fi karkata ga cewa wuraren bauta ne da magani, na tsakanin ƙarni na 6 da na 14.

Dokar Gana ta 1969 ta hana haƙa ko fitar da irin waɗannan kaya ba da izini ba. Duk da haka an yi ta sace su zuwa kasuwannin Turai, har majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a 2000. Raunin kiyayewar shi ne ta fi kula da abin da ake iya ɗauka. Idan mai haƙa ya warwatsa duwatsun, ko an dawo da mutum-mutumin, bayanin da ke cikin tsarinsu ya tafi ke nan.

Akwai kuma matsalar suna, wadda ta shafi ɗalibin harshe kai tsaye. Dokar da Turanci take, alhali Hausa ce harshen zango da kasuwa a Salaga da Yendi da Bawku. In mai fassara ya ce "gunki", ya riga ya yanke wa abin hukunci a kunnen Musulmi. In ya ce "kushewa", za a girmama wurin, sai dai ya saɓa wa binciken baya-bayan nan. "Kayan tarihi" ya fi dama-dama, ko da yake shi ma yana kawo wa mai sauraro takobi da tulu, abubuwan da ake ajiyewa a ɗaki. Ga tuddan da duwatsunsu, "kufai" ya fi kusa, domin kalmar tana nuna wurin da mutane suka taɓa zama suka tashi.