Duwatsun Zimbabwe da Hannuwan da Suka Sassaƙa Su

Ana yawan tallata sassaƙen dutse na Zimbabwe a Turai da Amurka a matsayin gadon kaka da kakanni na ƙabilar Shona. Hujjar da ake kawowa ita ce tsuntsayen dutse guda takwas da aka samo a kufan Tsohuwar Zimbabwe, waɗanda ɗayansu ke kan tutar ƙasar. Sai dai tsakanin tsuntsayen nan da masassaƙan yau akwai ɗaruruwan shekarun da ba a san an ci gaba da sana'ar ba. Fasahar ta zamani ce, kuma a ganina sanin hakan ƙara mata daraja yake yi.

A 1957 aka buɗe gidan adana zane-zane na ƙasa a Salisbury, Harare ta yanzu, ƙarƙashin Frank McEwen. Shi ya ƙarfafa wa Joram Mariga gwiwa, wani malamin gona da ya fara sassaƙa dutse mai laushi a Nyanga. McEwen ya so a riƙa fito da aljannu da tatsuniyoyi, ya kai ayyukan gidan tarihin Rodin a Paris a 1971, kasuwa ta buɗe.

Labarin Tengenenge ya fi jan hankalina. Bayan gwamnatin Ian Smith ta ɓalle daga Ingila a 1965, takunkumi ya karya cinikin taba. Tom Blomefield, manomin taba a kusa da Guruve, ya mayar da gonarsa, Tengenenge, sansanin masassaƙa a 1966, ganin akwai dutsen a ƙasarsa. Da yawa daga leburorin da suka ɗauki guduma baƙi ne daga Malawi, Mozambik, Angola da Zambiya. Fanizani Akuda, mai fuskokin nan masu murmushi da tsagaggun idanu, ɗan Zambiya ne. To ina Shonancin? A Tengenenge ne Henry Munyaradzi ya riƙa haɗa gira da hanci cikin layi ɗaya, Bernard Matemera kuwa ya sassaƙa mutum yana rikiɗa karkanda, jiki a kumbure, leɓe dabar-dabar.

Aikin na hannu ne: a fasa da guduma da cizal, a goge da samfefa da ruwa, a gasa dutsen da wuta, a shafa kaki har ya yi baƙi wuluk. Gwani yakan bar wani gefe da kaushinsa, ya zama gashi ko tufa.

'Yan baya sun sauko daga duniyar aljannu. Dominic Benhura yara masu wasa yake sassaƙawa, galibi babu ido babu baki, motsin jiki kaɗai ke magana. Agnes Nyanhongo da Colleen Madamombe sun fito da mata cikin ƙarfinsu da hidimarsu. Abin da ke damuna shi ne kwaikwayo: da zarar salon Benhura ya samu karɓuwa, sai bakin titunan Harare suka cika da kwafinsa, ana sayar wa 'yan yawon buɗe ido da araha, mai saye kuma bai cika tambayar sunan wanda ya yi ba.